Sayayya a Intanet: Biya da Kirifto Ko da Naira, Wanne Ya Fi Kare Mai Saye a Kaduna?

A farkon shekarar 2023, lokacin da takardun naira suka yi wahala bayan sauya musu fasali, layukan mutane sun cika gaban bankunan da ke titin Ahmadu Bello da titin Yakubu Gowon a Kaduna. Lamarin ya tsananta har gwamnatin jihar Kaduna, tare da ta Kogi da ta Zamfara, suka maka Gwamnatin Tarayya a Kotun Ƙoli. A waɗannan watanni ne mai shayi da mai nama da mai kayan miya a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi suka koyi karɓar tiransifa, da yawansu ba da son ransu ba.

Bayan shekara guda sai ga wani sabon yayi. Matasa daga Kawo zuwa Unguwar Rimi suka duƙufa danna waya a manhajar Telegram, suna tara Notcoin da Hamster Kombat, wasu kuma suna jiran fashewar Pi. Wani ya samu, wani ya tashi a tutar babu, amma kusan kowa ya fito da walat ɗin kirifto a wayarsa.

Shi ya sa yau ba abin mamaki ba ne a ga matashi da naira a asusun OPay ko na banki, da kuma 'yan dalolin USDT a walat. Idan ya ga waya ko takalmi a intanet, da wanne ya kamata ya biya? Amsar tana rataye ne a kan tambaya guda: idan kayan bai zo ba, ko ya zo ba yadda aka nuna shi ba, wa zai iya dawo masa da kuɗinsa?

Hanyoyin da aka saba da su

Sayayyar intanet cinikin biri a sama ce: mai saye bai taɓa kayan ba, sau da yawa bai san mai sayarwa ba. Hanyoyin biya da aka saba da su a Najeriya guda huɗu ne, kuma kowace tana da irin kariyar da take bayarwa.

Ta farko ita ce biya bayan an kawo kaya. Jumia da Konga, waɗanda dukansu suka fara aiki a 2012, da wannan tsarin suka samu amincewar jama'a. Kuɗi ba ya barin hannun mai saye sai kaya ya iso. Ba kowane kaya ne ake yarda a biya haka ba, amma inda aka yarda, babu hanyar da ta fi ta kwanciyar hankali.

Ta biyu ita ce katin banki: Verve, Mastercard ko Visa. Amfanin kati shi ne akwai tsarin ƙorafi a bayansa. Idan an cire kuɗi sau biyu, ko kaya bai zo ba, mai katin yana iya shigar da ƙorafi a bankinsa, bankin ya nemi a dawo da kuɗin daga ɓangaren mai shagon. Akwai wa'adin yin hakan, don haka jinkiri yana iya jawo asara.

Ta uku ita ce tiransifa, wadda ke bi ta tsarin NIP na kamfanin NIBSS da aka ƙaddamar a 2011. Ita ce aka fi amfani da ita wajen saye daga masu talla a WhatsApp, Instagram da TikTok: a tura kuɗi, a ba direba kaya daga Kano ko Legas, a je tashar Kawo ko ta Mando a karɓa. Kafin a tura, sunan mai asusun yana fitowa, kuma asusun yana haɗe da BVN ko NIN na wani mutum.

Ta huɗu ita ce manhajojin kuɗi irin su OPay, PalmPay, Moniepoint da Kuda. Su ma naira suke motsawa, kuma suna aiki da lasisin Babban Bankin Najeriya, CBN.

Yadda biya da kirifto yake

Kirifto kuɗi ne da ke rubuce a wani kundi na intanet da ake kira bulokcen, wanda dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa a lokaci guda. Babu manaja, babu reshe, babu teburin ƙorafi. Mai biya yana kwafo adireshin walat ɗin mai karɓa, wato doguwar jerin haruffa da lambobi, ko ya ɗauki hoton lambar QR, ya rubuta adadi, ya tura. Da zarar kwamfutocin sun tabbatar, bakin alƙalami ya bushe.

Bitcoin, wanda ya fara aiki a 2009, shi ne ya fi suna, amma bai dace da sayayyar yau da kullum ba. Ana ɗaukar kimanin minti goma kafin a rufe kowane shafi na kundinsa, kuma farashinsa ba ya zama wuri ɗaya. A Nuwamban 2021 ya kai kusan dala 69,000, a Nuwamban 2022 ya faɗo kusan dala 16,000. Labarin da 'yan kirifto ke yawan tunawa shi ne na Laszlo Hanyecz, wanda a ranar 22 ga Mayu, 2010 ya biya Bitcoin 10,000 aka kawo masa fiza guda biyu a Amurka.

Saboda haka mafi yawan masu biya da kirifto a Najeriya USDT suke amfani da shi. Kamfanin Tether ne ke fitar da shi, kuma an tsara shi ne ya riƙa tafiya daidai da dalar Amurka ɗaya. Sai dai USDT yana bin layuka daban-daban: TRC20 a kan Tron, ERC20 a kan Ethereum, BEP20 a kan BNB Chain. Adireshin Tron da harafin T yake farawa, na Ethereum da na BNB Chain kuma da 0x. Wanda ya zaɓi layin da mai karɓa ba ya amfani da shi yana iya rasa kuɗinsa gaba ɗaya, ko ya sha wahala kafin ya gano su.

Su wa ke karɓar kirifto?

A nan ne zancen ya fara bambanta da abin da ake ji a majalisa. Jumia da Konga ba sa karɓar kirifto a matsayin hanyar biya. Amazon, AliExpress da Temu ma haka. Waɗanda ke karɓa kai tsaye ba su da yawa, kuma galibinsu masu sayar da hajar intanet ne, kamar Namecheap mai sayar da adireshin shafuka, wanda ya fara karɓar Bitcoin tun 2013.

Abin da ake kira sayayya da kirifto sau da yawa zagaye ne. Wani yana sayen katin kyauta na wani shago a dandali irin Bitrefill, sannan ya yi sayayya da katin. Wani yana zuba USDT a katin dala na manhaja, ya biya da katin. Wani kuma yana sayar da USDT ɗin ya karɓi naira, sannan ya biya kamar kowa. A duk ukun, shagon dala ko naira ya karɓa, kuma kowane zagaye yana da ladan da ake cira.

Inda ake biya da USDT kai tsaye shi ne tsakanin mutum da mutum: mai sayar da wayoyi a WhatsApp da ya ce yana karɓa, ko ɗan kasuwa da ke biyan wakilinsa a Guangzhou ko Dubai. Kuma a nan ne kariya ta fi ƙaranci.

Lissafin tsada

Ana yawan cewa kirifto ya fi araha. Ga misali don a gwada. A ɗauka wani ɗalibin KASU yana son sayen waya ta naira 150,000 daga wani mai shago a Farm Centre da ke Kano.

Idan ya yi tiransifa, jadawalin cajin CBN da ya fara aiki a 2020 ya sa naira 10 ga abin da bai wuce 5,000 ba, naira 25 zuwa 50,000, da naira 50 ga abin da ya haura haka, sai harajin VAT a kai. Akwai kuma harajin naira 50 na gwamnati a kan kuɗin da ya kai 10,000. Duka-duka abin bai wuce naira ɗari da 'yan kai ba, wasu manhajojin ma suna yafe nasu cajin.

Idan kuma da USDT zai biya alhali naira ce a hannunsa, sai ya fara sayen USDT ɗin. Kullum farashin saye ya fi na sayarwa, kamar yadda yake a wurin 'yan canji. A ƙaddara, don misali kawai, ana sayar masa da dala ɗaya a kan 1,530, mai shagon kuma yana lissafa ta a kan 1,500. Mai shago zai nemi USDT 100, shi kuma ɗalibin zai saye su a kan naira 153,000. Idan kuɗin turawa dala ɗaya ne, an ƙara 1,530. Wayar 150,000 ta koma 154,530, ba tare da an ƙara mata komai ba.

Lissafin yana sauyawa ga wanda da ma a USDT ake biyansa, kamar mai zanen hotuna ko mai rubuta manhaja da ke yi wa 'yan ƙasar waje aiki. Shi bai sayi dala ba, don haka ba ya asarar canji sau biyu. Haka kuma wajen tura kuɗi ƙetare, USDT yana isa cikin mintuna, alhali ta banki ana iya kwana da kwanaki.

Me ya sa matasa suka rungumi USDT?

Dalilin ba kwaɗayi ba ne kawai. A 2022 bankunan Najeriya suka rage abin da katin naira zai iya kashewa a shafukan waje zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka rufe gaba ɗaya. Wanda ke son biyan kuɗin wani kwas ko sayen kaya daga waje sai ya nemi wata hanya. Sannan a Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da ke kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Mutane da dama sun ga ajiye USDT ya fi barin naira tana narkewa a asusu.

Kamfanin Chainalysis, mai bin diddigin hada-hadar kirifto, ya sa Najeriya a matsayi na biyu a duniya wajen rungumar kirifto a rahotonsa na 2024, inda ya ƙiyasta cewa kimanin dala biliyan 59 sun shigo tsakanin Yulin 2023 da Yunin 2024.

Sai dai ɗaya daga cikin dalilan ya ragu. A tsakiyar 2025 bankuna irin su GTBank, UBA da Wema suka sanar da dawo da amfani da katin naira a shafukan waje, kowane da iyakar da ya sa. Temu kuma, wanda ya shigo Najeriya a ƙarshen 2024, a naira yake nuna farashi. Mai son saye daga waje yanzu yana da kyau ya fara gwada katinsa kafin ya shiga zagaye.

Idan ciniki ya lalace

Ga babban bambancin. A ɗauka an tura kuɗi, an je tashar Kawo, direba ya ce ba a ba shi saƙo ba, mai kaya kuma ya kashe waya.

Wanda ya biya da kati a shago mai rajista yana da bankinsa, yana da tsarin ƙorafin shagon. A AliExpress, alal misali, dandalin ne ke riƙe kuɗin, kuma mai saye yana iya buɗe ƙorafi idan kaya bai iso ba. Wanda ya yi tiransifa zuwa asusun wani mutum, kariyarsa ba ta kai haka ba: banki ba ya dawo da kuɗi don kawai an ce an yi damfara, sau da yawa sai da rahoton 'yan sanda da umarnin kotu, kuma ɗan damfara yana iya kwashe kuɗin kafin a rufe asusun. Duk da haka akwai suna, akwai BVN, akwai wurin da za a je. Idan banki bai warware ƙorafi ba cikin makonni biyu, ana iya kai shi sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na CBN. Akwai kuma hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye.

Wanda ya tura USDT daga walat ɗinsa zuwa na wani, tamkar ya miƙa wa baƙo tsabar kuɗi ne a tsakiyar kasuwa. Kowa yana iya ganin kuɗin a kundin bulokcen, ya ga lokacin da suka tafi da adireshin da suka shiga, amma adireshi ba suna ba ne. Tether yana iya daskarar da USDT a wani adireshi, amma yana yin haka ne galibi bisa buƙatar hukumomin tsaro, ba don wayar dubu ɗari da hamsin ba.

Haka abin yake wajen ajiya. A 2024 hukumar NDIC ta ɗaga inshorar ajiyar bankunan kasuwanci zuwa naira miliyan 5 ga kowane mai asusu, ta ƙananan bankuna kuma zuwa miliyan 2. Da CBN ya soke lasisin bankin Heritage a ranar 3 ga Yuni, 2024, NDIC ce ta biya masu ajiya har zuwa wannan adadin. Kirifto ba shi da irin wannan inshora. Da dandalin FTX ya rushe a Nuwamban 2022, masu ajiya sun shafe fiye da shekara biyu suna jiran shari'a. A Mayun shekarar kuma TerraUSD, wanda shi ma aka ce daidai yake da dala, ya zube cikin 'yan kwanaki.

Me doka ta ce?

Dokar CBN ta 2007 ta ce naira ce kaɗai kuɗin ƙasa. Mai shago ba shi da ikon ƙin karɓar naira, amma babu abin da ya tilasta masa karɓar USDT.

A ranar 5 ga Fabrairu, 2021 CBN ya hana bankuna hulɗa da dandalin kirifto, abin da ya tura mutane zuwa P2P, wato cinikin mutum da mutum inda dandali ke riƙe kirifton har mai saye ya tura naira. A Disambar 2023 aka ɗage haramcin. Sai dai a Fabrairun 2024 aka tsare jami'an Binance biyu a Abuja, a watan Maris kuma kamfanin ya rufe duk hada-hadarsa ta naira. A Afrilun shekarar wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ba EFCC izinin rufe asusu 1,146 da ake bincike a kansu, sannan manhajoji irin su OPay da Moniepoint suka gargaɗi abokan hulɗarsu kan cinikin kirifto da asusunsu.

A Agustan 2024 hukumar SEC ta ba Busha da Quidax amincewar farko ta yin aiki a Najeriya. A Maris na 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar zuba jari, wadda ta sa kadarorin intanet a ƙarƙashin kulawar SEC. Mallakar kirifto ba laifi ba ne, amma dokar tana kallonsa a matsayin kadara ta zuba jari, ba kuɗin cefane ba.

Akwai wani haɗari a P2P da ya kamata a sani. Mai sayar da USDT yana karɓar naira daga wanda bai sani ba. Idan kuɗin na sata ne, ana iya bin sawunsu har a rufe asusunsa, ko da shi bai san hawa ba bai san sauka ba.

Kada kuma a haɗa kirifto da eNaira, wadda aka ƙaddamar a ranar 25 ga Oktoba, 2021. Ita naira ce ta CBN a siffar intanet, farashinta ɗaya da ta takarda.

Alamomin damfara

'Yan damfara suna son kirifto saboda dalili ɗaya: ba ya dawowa. A Afrilun 2025 dandalin CBEX, wanda ya yi alƙawarin ninka kuɗi cikin wata guda kuma da USDT ake zuba masa, ya rufe da dukiyar dubban 'yan Najeriya, kamar yadda MMM ya yi a Disambar 2016. A fagen sayayya ma salon ɗaya ne. Abubuwan da ya kamata su sa mai saye ya ja da baya:

- Mai kaya ya dage sai dai USDT, ya ƙi ba da lambar asusun banki.
- Farashi ya yi ƙasa sosai da na shagunan titin Ahmadu Bello, an kuma ce rangwamen na masu biya da kirifto ne kaɗai.
- An nemi a fita daga dandali a ƙarasa ciniki a WhatsApp ko Telegram.
- An nemi kalmomin sirri 12 ko 24 na walat. Duk wanda ya samu waɗannan kalmomi ya mallaki komai da ke ciki, kuma babu kamfanin gaskiya da ke tambayar su.

Mai sayarwa ma yana da nasa hattara: hoton shaidar biya ba biya ba ne. Ko alat ne ko USDT, sai an buɗe manhaja an ga kuɗin sun zauna kafin a saki kaya.

To, wanne za a zaɓa?

Ga kayan da ke cikin Najeriya kuma farashinsa a naira yake, naira ta fi sauƙi, ta fi araha, ta fi kariya. Biya bayan an kawo kaya shi ne kan gaba, sai kati a shago mai tsarin ƙorafi, sai tiransifa ga wanda aka sani ko aka samu shaidarsa daga wanda aka yarda da shi.

Ga kayan ƙasar waje, a fara gwada katin naira, a kwatanta farashin dalar banki da na USDT a ranar. Kirifto yana da amfani ga wanda da ma a cikinsa ake biyansa, ko ɗan kasuwar da ya daɗe yana hulɗa da mai kawo masa kaya daga waje. Ko a nan, a tabbatar da layin da za a bi, a duba haruffan farko da na ƙarshe na adireshi, a fara tura kaɗan a ji ya isa, sannan a tura sauran.

Idan kuma kayan mai tsada ne, kamar waya ko kwamfuta, kuma ana samunsa a Kasuwar Gumi ko shagunan da ke kewaye da ita, kuɗin Keke Napep daga Malali ko Badarawa bai kai asarar dubu ɗari da hamsin ba. A je a kunna wayar, a duba ta, a karɓi rasit, sannan a biya.